Dokar Kwana Casa'in

Litinin

Zuwa ga uwar 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun isa gidan Yaya lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya yaran, tarin ƙaramar ya sauka? Yaya Inna da ƙafar tata? Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini girma, kuma na riga na ƙona miki tukunya ɗaya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayata ta fara wani ƙara idan ina magana, kamar akwai mai numfashi a tsakani, kuma ba ni kaɗai ba ne a cikin 'yan majalisarmu. Zan riƙa ba direban motar kayan Yaya wasiƙa duk zuwan da ya yi, ke ma ki amsa ta hannunsa. A waya mu tsaya a kan gaisuwa.

Na san kin tafi da fushi. Kin ce ke ma'aikaciyar jinya ce, ke kika yi kwana biyu a tsaye a kan waɗanda bam ɗin tashar mota ya raunata, ba za a kore ki daga gari kamar yarinya ba. Gaskiyarki. Amma tashar nan ba ta fi tafiyar minti biyar daga makarantar yara ba, kuma abin da ke tafe ya fi wanda ya wuce ba ni tsoro.

Gwamnati ta kawo mana dokoki biyu a mako guda. Ta farko ta yaƙi da ta'addanci ce: a kama mutum bisa zargi, a tsare shi kwana casa'in bai ga alƙali ko lauya ba, a rufe masallaci ko makaranta da sa hannun jami'i ɗaya. Ta biyu ta gyaran tattalin arziki ce: a janye tallafin mai da na fulawa rana ɗaya, a sayar da kamfanin lantarki, a ciyo bashi mai ruwa daga waje. Mu goma sha tara ne kacal a jam'iyyarmu ta masu kishin Musulunci, amma gwamnati ba ta da rinjaye sai da mu.

Jiya muka yi taro a benen ofishin jam'iyya, taga a rufe, fanka ta mutu. Shugaban jam'iyya yana ganin wannan ce damar da muka yi shekara goma muna jira, mu ba su ƙuri'a, su ba mu ma'aikatu biyu, su kuma yi alkawarin ba za su taɓa makarantunmu ba. Matasanmu suna son mu yi watsi da komai mu fice daga zauren. Da aka zo kaina na ce tallafin nan masu fasa-ƙwauri ne ke cinye rabinsa, ban musa ba, amma janye shi rana ɗaya yanke wa talaka numfashi ne. Na kawo shawarar a janye a hankali cikin shekara uku, a kafa asusun zakka mai ƙa'ida, a nemi jari na haɗin gwiwa maimakon bashin ruwa.

Tsohon Alƙali, wanda kin san shi ya janyo ni daga aji zuwa siyasa, ya bari kowa ya gama. Sannan ya ce masu dasa bam a tasha maƙiyan addini ne kafin su zama maƙiyan gwamnati, wajibi ne a yaƙe su, amma ya yi shekara talatin a kan kujerar shari'a bai ga inda aka halatta tsare mutum ba hujja ba. Ya ce ya rubuta gyara: kwana goma sha huɗu, sannan gaban alƙali. Da muna saukowa ya riƙe hannuna ya ce, "Mai Alli, lissafinka ya yi kyau, amma ka fara duba ƙarƙashin motarka."

Ya faɗa yana dariya. Ni ban yi ba.

Ki gaida Yaya da iyalinsa, ki shafa mini kan yara.

Mijinki,
Mai Alli

Asabar

Zuwa ga uwar 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yara da Inna. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma kada Inna ta ga fuskarki.

An kama ƙaninki Auta ranar Laraba. Yana da rai, wannan na tabbatar. Sun zo kantin maganin da yake aiki da hantsi, mutum huɗu a farar mota ba lamba, suka fito da shi da rigar aiki a jikinsa. Mai kantin ne ya zo ya gaya mini. Wai makon jiya wani ya sayi bandeji da ledar ƙarin ruwa a hannun Auta, daga baya aka sami mutumin a cikin 'yan bindiga. Kin san Auta, ko wa ya zo da takardar likita zai sallame shi, har ya bi shi da fatan samun sauƙi.

Na zaga ofisoshi uku, kowa ya ce bai san zancen ba. Washegari sai ga gayyata daga ofishin tsaro. Wani jami'i mai furfura ya karɓe ni a ɗaki mai sanyi, ya zuba mini shayi da hannunsa, ya tambayi lafiyarki da ta 'yan biyu, har ya san garin da kuke. Ya nuna mini hotunan gawarwakin tasha, ya ce shi ya ɗauki wasu da hannunsa, kuma na yarda, don idonsa ya kaɗa. Ya ce kwana goma sha huɗu ba sa isa a kwance ƙullin da aka yi shekara ana ƙullawa. Sai da na miƙe ya ce, "Surukinka yaron kirki ne. Idan doka ta wuce yadda take, za mu sami natsuwar duba takardunsa da wuri."

Na sauko matakala na fito.

Ba shi ke nan ba. Da na koma ofis na tarar da ƙunshi a kan teburina, sakatare ya ce wani mai babur ya kawo. Farin yadi ne, a yanke daidai likkafani, da 'yar takarda a ciki. Daga 'yan bindiga ne, sun ce duk wanda ya zauna a majalisa ya bar addini, wanda kuwa ya ɗaga hannu ga dokar yaƙarsu, da gyara ko ba gyara, ya ajiye yadin kusa. Alƙali ma an kai masa nasa. Ya ce yadin ya fi wanda ya tanada kyau.

Kin ga inda nake. Waɗancan sun ce na kafirta, waɗannan suna ganin ɗan ta'adda ne ni mai hular majalisa. Na sallami direbana da albashinsa, na ce ya je ya huta. Yana da 'ya'ya biyar. Yanzu ni nake tayar da motar da kaina, kuma duk safiya sai na yi kalmar shahada kafin na murɗa makulli.

Ki gaya wa Yaya a keɓe, shi zai san yadda zai yi da Inna. Ki yi mana addu'a.

Mijinki,
Mai Alli

Alhamis

Uwar 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san kun ji a rediyo. Sun kashe Alƙali.

Ranar Talata ya yi magana a gidan rediyo, ya ce kashe matafiya a tasha ba jihadi ba ne, kisan kai ne, kuma ya faɗa da ayoyinsa. Jiya bayan sallar azahar muka fito daga masallacin bayan majalisa tare. Ni na tsaya neman takalmina ɗaya da wani ya ture, shi ya yi gaba. Mutum biyu a kan babur suka harbe shi. Kafin na iso ya riga ya faɗi a bakin kwata, tabaransa a gefe. Na ɗora kansa a cinyata. A nan ya cika. Takalmi ne ya tsayar da ni, uwar 'yan biyu, ba wayona ba.

Wasiƙarki ta iso da safe. Na karanta inda kika ce in ba su ƙuri'ar in fito miki da ƙaninki, doka tasu ce, Auta namu ne, Inna ta daina cin abinci. Ban ga laifinki ba. Ni ma na goya shi, ni na kai shi makarantar koyon haɗa magani.

Ɗiyar Alƙali ta ba ni jakarsa a wurin gaisuwa. Takardar gyaran tana ciki, da rubutun hannunsa. Shugaba ya ce jam'iyya ta yanke shawara, za mu bi gwamnati a kan dokokin biyu, kisan Alƙali ma hujja ce. Ranar Litinin za a kaɗa ƙuri'a. Ban san abin da zan yi ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na sani ba.

Mijinki,
Mai Alli

Lahadi

Zuwa ga uwar 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da kewa mai yawa, yaya kuke, yaya Inna, yaya yara? Kwana goma ke nan ban ga amsarki ba. Na fahimta.

Kin ji sakamako, amma ina so ki ji daga bakina. Ranar Litinin ɗin na shiga zauren da niyyar yin shiru in ɗaga hannu tare da jam'iyya. Wallahi niyyata ke nan. Sai aka kira sunan Alƙali cikin jerin masu gyara, kujerarsa ba kowa, kakakin majalisa ya tambaya ko akwai mai gabatarwa a madadinsa. Na ji kaina a tsaye. Shugaba ya juyo ya dube ni, na kau da kai.

Na karanta takardar. Na ce mutumin da ya rubuta ta 'yan bindiga ne suka kashe shi, don haka kada wani ya ce tausayinsu yake ji. Na ce a ba jami'an tsaro kayan aiki da iko su kama masu kisa, ni zan fara ɗaga hannu, amma a kai kowa gaban alƙali, don yaron da aka tsare wata uku ba laifi ya fito da ƙiyayyar da 'yan bindiga ke nema. Mutum bakwai na jam'iyyarmu suka bi ni, da 'yan adawa, da wasu na gwamnati da suka sunkuyar da kai suka ɗaga hannu. Gyaran ya wuce da ƙuri'a uku.

Dokar tattalin arziki kuwa ta wuce yadda take. Na ƙi ta, ban iya tsayar da ita ba. Mai ya ninka, layi ya kai har kwanar gidanmu, mai burodin unguwa ya rufe gidan gashinsa. Shugaba ya sami ma'aikatunsa biyu, ni kuma an dakatar da ni daga jam'iyya, an janye ɗan sandan da ke ƙofa.

Ga abin da ya fi nauyi. Lokacin da na miƙe ban san gyaran zai wuce ba. Da ya faɗi, da Auta ya yi kwana casa'in ɗinsa, ko fiye, saboda ni. Na san haka, na miƙe. Idan kin riƙe ni a zuciya, ba zan ce kin zalunce ni ba.

Sun riƙe Auta har ranar ƙarshe da sabuwar dokar ta ba su, sannan suka kawo shi kotu ranar Alhamis. Alƙaliyar ta tambayi hujja, suka kawo rasit ɗin bandeji. Ta sallame shi a take. Na ɗauko shi zuwa gida, na haɗa masa ruwan wanka, ya zauna a bakin gadon yara har la'asar bai kwanta ba. Ya rame. Idan aka rufe ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Likita ya ce kunnensa na hagu ya fashe, wataƙila ya warke, wataƙila a'a. Abu ɗaya ya tambaye ni, ko Inna ta sani.

Ni ba zan zo ba tukuna. Akwai mutum fiye da ɗari a tsare da dokar ta ce a kai su kotu, kuma idan ba wanda yake tsaye yana kiran sunayensu a majalisa, za a manta. Masu yadin ma ba su janye maganarsu ba, shekaranjiya wani babur ya bi ni daga kasuwa har bakin titinmu. Ina jin tsoro kullum, ban saba ba, ba na jin zan saba. Don Allah kada ki dawo da yara, ko da kin huce.

Auta ne zai miƙa miki wannan takarda, na sa shi a gaban motar kayan Yaya. Ki tare shi a ƙofa kafin Inna ta gan shi. Ki tsaya ta damansa idan za ki yi magana, kuma kada ki tambaye shi komai tukuna.

Ki gaida kowa. Idan kin iya, ki rubuto mini ko layi biyu ne.

Mijinki har kullum,
Mai Alli