Ɗiyan Kusu da Dakashin Hanifa

Kaura Namoda,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Imrana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatunka da sanyin Jamus ɗin da kake ta kuka da shi. Allah Ya ƙara maka basira, Ya dawo mana da kai da abin da ka je nema. Mu nan sai godiya. Maigidana Malam Na'ibi ya sami sauƙin ƙafar, har ya koma aiki. Inna tana Zurmi da ƙarfinta, tun da aka yi haihuwar nan bakinta bai rufu ba. Barka da samun ƙaruwa, Allah Ya raya mana shi bisa tafarkin addini, Ya ba matarka Hanifa lafiyar shayarwa.

Na zaɓi in rubuta a takarda in ɗauki hotonta in turo maka, domin in na ce zan yi saƙon murya, abin da zai fito daga bakina ba zai yi maka daɗi ba. Kuma dama saƙon murya ne ya jawo mana duk wannan wahalar.

Ka san ranar Talata Hanifa ta sauka a gidansu a Shinkafi, ka kuma san kakarta Hajiya Saudat ce ke riƙe da jego a gidan. A wajenta dakashi, nonon farkon nan mai kauri, ƙazanta ne: a tatse a zubar har kwana uku, jariri ya yi ta shan ruwan ɗumi da nonon akuya. Da ka ji haka hankalinka ya tashi, kuma kana da gaskiya, ban ce ba ka da ita ba. Amma Imrana, ina wayata take? Me ya hana ka kira ni? Sai ka zauna ka yi saƙo na minti goma sha ɗaya, ka tura cikin guruf ɗin da surukanka suke. Ka yi bayanin cewa jariran ɓerayen da kuke kiwo a ɗakin bincike ana haihuwarsu da garkuwar jiki 'yar kaɗan, kusan iri ɗaya, sai sun yi makonni take yawaita ta zama iri-iri ta gane cututtuka daban-daban, kafin nan kuwa abin da suke samu daga uwa ne ke kare su. Ni malamar makaranta ce, na gane, har ya burge ni. Sai dai a ɗakin jego aka kunna shi, ɗaki cike da mata 'yan barka.

An ce Hajiya Saudat ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Sannan ta ce ita ta yi wa mata sun fi arba'in wankan jego, ba a taɓa haɗa jininta da ɗiyan kusu ba sai yau. Ta kuma tambayi matan wane irin uba ne ke buɗe baki gaban surukai yana zancen ɗan fari, har da nonon matarsa. Wallahi da aka ba ni labari sai da na ji kunya kamar ni na faɗa. Da can lallashi kaɗan zai iya juya ta. Bayan saƙonka ta rantse yaron ba zai sha ba sai kwana ukun sun cika, kai kuma ka fi ni sanin cewa kafin nan dakashin ya wuce.

Ranar Laraba na bar ɗalibaina na hau motar Shinkafi, a hanyar nan da ka san halinta, ina addu'a ina jin haushinka. Na gaida Hajiya Saudat, na ba da haƙuri a madadinka, na ce yawan karatu ne ya ɗauke maka hankali. Ban ambaci ɓera ba ko sau ɗaya. Muna zaune a tsakar gida sai ga akuyarta da 'ya'ya biyu sabuwar haihuwa. Na yaba su, na tambaye ta ko ita ma ana tatse mata na farkon a zubar. Ta dube ni kamar ba ni da wayo, ta ce ɗan akuyar da bai sha dakashi ba ai ba ya kai mako, ko ƙaramin makiyayi a Jangeru ya san wannan. Na ci gaba da ɓare gyaɗata. Can ta ce ta ga inda na dosa, kuma duk gidanmu bakinmu ɗaya. Ta tashi ta bar ni zaune. Bayan la'asar da hannunta ta ɗauki yaron ta miƙa wa Hanifa.

Ya kama nono ba ko lalube, kamar wanda ya saba. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kalli Hanifa. Da muka kaɗaita Hanifa ta gaya mini tun ranar Talata take ba shi a ɓoye duk lokacin da kakar ta fita dafa ruwan wanka, ta tatsi ɗan kaɗan a kofi don a gani. Ta ce a ɗakin nan kaf ita kaɗai ta yarda da maganarka. Yarinyar da ko zama ba ta iya yi sosai, ita ta yi wannan.

Ga sakamakonka kuma. Tunda sunan Baba za a sa masa jibi, mun shirya za a riƙa kiransa Abbati. To Hajiya Saudat ta riga mu, Ɗan Kusu take ce masa, yaran gidan duk sun ɗauka, har Inna na ji ta faɗa a waya tana dariya. Ka tanadi bayanin da za ka yi masa in ya girma.

Malam Na'ibi yana gaishe ka, da yara su Mardiyya da Anas. Inna ta ce ka riƙa cin abinci. Kawu Nuhu na Katuru ya ce a yi maka barka. Ka kira Hajiya Saudat ka gaishe ta, gaisuwa kawai, don Allah kada ka ƙara komai a kai.

Amma kafin ita, ka kira matarka. Ta ce mini sau uku ta saurari saƙon nan daga farko har ƙarshe. Na ɗauka don ta fahimci bayanin ne. Ashe jira take ta ji inda za ka tambayi yaya jikinta.

Taka yayarka,
Ummuhani.