Gidan da Ya Daina Rawa

Yuma, farkon Disamba

Zuwa ga 'yata Joleen,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya, ƙanƙarar Duluth ba ta binne ku ba. Na san za ki ce me ya hana ni kira. Kunnuwan da injin yanka katako ya cinye ba su dawo ba, a waya kuwa sai in yi ta "iye?" har ki gaji.

Mamanki ta faɗi. Kada hankalinki ya tashi, ƙugu ne ya ɗan kumbura. Tana tsaye riƙe da kofi, ni kuma na hau matakalar ɗakin kwana, tirelar da muke zaune a cikinta ta yi rawar da ta saba, sai ga ta a ƙasa. Kin san halin gidan nan namu. Da zarar an zare a-kori-kura daga ƙarƙashinsa, hancin da gadonmu ke ciki a iska yake rataye, siraran ƙafafu biyu ke riƙe da shi. In na yi atishawa sai kofunan da ke rataye sun amsa.

Orval, maƙwabcinmu ɗan Kanada, wanda shawara ba ta ƙare masa ko ba a tambaye shi ba, ya ce akwai ƙarfe mai ƙafa uku da ake tokare hancin da shi. Akwai wani mai kama da almakashi da ake matsewa tsakanin tayoyi, sai sandunan ɗaure ƙafafun gaba. Ya ce in zaɓi ɗaya. Na je shago na tsaya ina kallon su kamar baƙo a tasha, na dawo hannu rabbana.

Mantuwar Mamanki tana nan. Jiya ta kira ni da sunan wanta, amma ta gyara mini kwalar riga kamar kullum.

Ki gaida yara.
Mahaifinki, Wendell

Duluth, tsakiyar Disamba

Baba,

Ina gaishe ku ƙwarai. Wane irin zaɓi kuma? Ka sayi duka ukun, kuma Orval ya ɗaura, kada in ji ka kwanta a ƙarƙashin tirela da wannan bayan naka.

Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Na je gidan kula da tsofaffi da ke kusa da ni. Za a samu ɗaki a watan Fabrairu, tagarsa tana kallon tafki, kuma zan riƙa ganin Mama kullum. Na san ku biyun kun sayar da gida kun zaɓi wannan rayuwa da kanku, ban kuma manta ba. Amma ina son alkawari. In ta sake faɗuwa, ko ta fita ta ɓata, ka faɗa mini gaskiya, in zo in ɗauke ta.

Kada ka ɗauka na fi ka son ta ne. Tsoro nake ji, Baba. Sai da na yi kuka a mota kafin na iya rubuta wannan.

'Yarka, Joleen

Yuma, bayan Kirsimeti

Joleen 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na yi alkawari, ko da yake hannuna bai so rubuta shi ba.

An ɗaura komai. Orval ya shiga ciki ya yi ta tsalle da wannan tumbin nasa, ruwan da na ajiye a kofi ko gezau. Ya fito yana haki, ya ce yanzu ko rawar aure za a iya yi a ciki. Na biya shi da dabino, ya ce na cuce shi, amma ya cinye.

Mamanki tana tafiya ba ta dafa bango. Na ji daɗin haka. Abu ɗaya ne kawai, da yamma ta tambaye ni yaushe za mu koma gida. Na ce ai muna gida.

Mahaifinki

Yuma, Janairu

Joleen,

Ina gaishe ki. Na yi miki alkawari, ga shi ina cikawa.

Ranar Talata bayan abincin rana na hau gado in ɗan miƙe, Mamanki tana falo tana ninke tawul. Da na farka ba ta nan, ƙofa a buɗe. Matar Orval ce ta gan ta can bakin magudanar ruwan gonakin latas, da silifas, rana tana dukan ta. Ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Na zauna na yi ta tunanin yadda aka yi ban ji fitarta ba, sai na gane ai da ma ba da kunne nake jin ta ba. Duk shekarun nan tirela ce ke faɗa mini. In ta tashi daga kujera, gado ya ɗan girgiza. In ta taka matakalar waje, gidan ya karkata, in farka ko da barci ya yi nauyi. Ban taɓa lura ba sai da muka ɗaure shi tamau.

Da aka dawo da ita na tambaye ta inda za ta. Ta ce:

"Wendell nake nema. Ya tafi ya bar ni a gidan mutane."

Na ce ai ga ni, ina sama ina barci. Ta girgiza kai.

"A'a. In yana nan, gidan yana motsi. Mutumin nan ba ya iya kwanciya wuri ɗaya."

Joleen, sunana yakan ɓace mata, fuskata ma wani lokaci. Ashe juyin da nake yi a gado, wanda ta yi ta yi mini faɗa a kansa tun muna matasa, shi ke gaya mata ba ita kaɗai ba ce.

Ban taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Orval ya ce mai ƙafa uku da sandunan su ke hana babbar rawar da ta kayar da ita, in an cire almakashin tayoyi aka bar katakon tare taya, ɗan motsi zai dawo. Ya kuma sa wa ƙofa fitila mai walƙiya in an buɗe. Ba zan ce miki babu haɗari ba. Ina son ta zauna, ina so ƙwarai, amma magana tana hannunki. In kin ce Fabrairu, zan haɗa mata kaya da kaina.

Mahaifinki, Wendell

Duluth, Janairu

Baba,

Ina gaishe ku. Na koma na sake duba ɗakin nan. Yana da kyau, ga tafki ga rana. Na tsaya a tsakiyarsa na buga ƙafa, siminti ne, ko ƙura ba ta motsa ba.

Na ce su bai wa wani mutum ɗakin. Ka cire almakashin yau.

Ina nan zuwa a Fabrairu, ba don in ɗauke ta ba. Ku gyara mini kujerar falo, kuma ka yi ta juyinka.

'Yarka, Joleen