Bututu a Buɗe, Jini na Rarrafe

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ka da iyali lafiya, ya ƙara rufa asiri. Nan gida kowa ƙalau. Ƙaramar jikata ta fara tafiya, ta hana ni sakat da tabarau.

Zauna da kyau, yau ina da labari. Shekara huɗu ina cewa ƙirjina na matsewa in na hau bene. An duba an ce jijiyoyin zuciyata ba su toshe ba, shi ke nan kowa ya samu na faɗa. Mai ɗakina ta ce zaman banza ne, kai kuma ka ce haushin ritayar dole ne bai sake ni ba. To, ranar Talata wata likitar zuciya ta zura mini rinin da ke nuna tafiyar jini a jijiya, ta juyo da allon na'ura ta nuna mini. Auta, da idona na gani! Hanya a buɗe fes, amma jinin rarrafe yake yi. Shekara talatin na yi ina auna gudun ruwa a ma'aikatar ruwa kafin su ajiye ni su ɗora wanda bai san kan bututu ba, saboda haka tun ba ta yi bayani ba na ce mata matsalar tana ƙananan rassa ne. Ta yi dariya, ta ce da ma ni ke koyar da ɗalibanta. Rabon da wani ya saurare ni haka har na manta.

Sai ta kalli takalmina, ta tambayi dalilin da na yanke shi a kan babban yatsa. Na ce gadon gida ne, haka Baba yake yi in yatsan ya kumbura. Ta sa aka auna jinina, aka samu wani sinadari, yurik asid, ya yi yawa. Shi ke taruwa a gaɓa ya kumbura ta. Ta ce suna yawan ganinsa tare da irin wannan jinkirin jini a zuciya, ko da yake ba ta rantse shi ke jawo shi ba. Ta ba ni magani, ta rage mini jan nama. Ka tuna yadda Baba ya dafe ƙirji a bakin ƙofa, muka ce ajali ne kawai?

Zuwanka na bara na ga takalminka na hagu a yanke, na kuma ga ka tsaya sau biyu a benen nan kana yi kamar waya kake dubawa. Ba haƙuri nake so ka ba ni kan maganar ritaya ba. Ka je a auna jininka makon nan, ka gaya wa likitocin maganar yatsan da ta ƙirjin tare, kada ka raba. Na binne abokai da yawa idona a bushe, amma kai ba zan iya ba. Ni ne babba, ka bari in riga ka.

Ka gaida mai ɗakinka, da takwarana, da Goggo in ka leƙa ta. Ina jiran takardar gwajin, ba alkawari ba.

Yayanka