Ni Ce Na Rage Hannun Rigar

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, Mai Jita ɗan mai gyaran rediyo,

Ga sallamar da bakina ya kasa yi maka, yau na ba alƙalami ya kawo. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawan ganyen bishiyar ƙofar shagonku, har da waɗanda suka zube Babanku yake sharewa kowace safiya. Ya kai ruwan sabuwar randa! Ya kai iskar da ke riga ruwan sama isowa! Ka yi haƙuri da rubutuna. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko suna can ƙarƙashin ƙyallaye a kwando. Karatuna bai yi nisa ba, kai ma ka sani: kana aji shida ina aji huɗu, ina gama firamare kuma Gwaggo ta ɗora ni a kan keken ɗinki.

In ba ka gane mai rubutun ba, ni ce ta keken da ke jikin bango a shagon Gwaggo tela, wadda duk layin nan ke kira Shiru-shiru. Ni ce wadda in ka ce "sannunku da aiki" sai zarenta ya tsinke ba dalili, ta sunkuya neman allurar da ba ta faɗi ba.

Barka da fitowar faifanka na farko! Barka, barka, har sau tara, kowace waƙa da tata barkar! Ranar da ya fito Gwaggo ta kunna mana a wayarta, ta jingina ta da gwangwanin maɓallai, muka ji tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya taka keke. Muryarka kamar ruwa ne a kan kwano a farkon damina, ba ta ihu, amma ba mai iya yin kamar bai ji ba. Da ka yi waƙar hannuwan Mamanka, Gwaggo ta ce wai ƙurar atamfa ce ta shiga mata ido. Da ka yi ta huɗu, inda ka ce ka faɗi jarrabawa ka ɓoye sakamakon a cikin wata tsohuwar rediyo da mai ita bai dawo karɓa ba, sai na riƙe baki. Wa ke faɗin irin wannan a gaban duniya? Wa ke buɗe cikinsa haka kamar ana shanyar wanki? Ni ko "ina wuni" ta gagare ni, kai kuwa ka ɗauki abin kunyarka ka sa masa amo har ya zama abin so.

Ka tuna watannin da kake naɗar waƙoƙin a ɗakin bayan shagonku? Na taɓa leƙawa ranar da aka aike ni karɓo dutsen gugarmu da Babanku ya gyara. Na ga ka manne bangon da kwalayen ƙwai, ka jingina tsohuwar katifa a ƙofa, jitar tana kwance a kan kujera kamar jaririya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin nan da kekena. In za ka fara sai ka ƙwanƙwasa sau uku, wato a tsayar da ɗinki. Gwaggo ta yi ta mita, wai ɗan nan waƙa za mu ci, wai mai biki ba ya sa waƙa ya fita. Ni kuwa ƙafata tana jin bugu na farko take sauka daga keke. Kai, da ka san yadda nake jiran ƙwanƙwasar nan! Kamar yadda shuka ke jiran hadari. Sai in zauna da tsumma a cinya, ina jin ka ta cikin bulo, kana kuskure kana sakewa, kana tsaki kana dariya kai kaɗai. Duk garin nan sun ji waƙoƙinka da suka nuna, ni na ji su tun suna ɗanyu.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Rigar nan shuɗiya da ka sa a hoton bangon faifan, wadda hannunta na dama bai kai na hagu ba, ni na ɗinka ta. Ranar da ka kawo yadin, ka haɗo da tsohuwar rigarka a yi awo da ita. Gwaggo aiki ya yi mata yawa, ta miƙo mini. Na yanka daidai, na haɗa daidai, wallahi ko Gwaggo ba za ta kushe ba. Da na zo kalmasa bakin hannu sai na shimfiɗa sabuwar a kan tsohuwar don in gwada. Ashe hannun dama na tsohuwar a naɗe yake ta ciki, yadda kake naɗe shi in za ka kaɗa. Ni kuma ga Yaya Aku, 'yar Gwaggo, ta kafa mini ido tana murmushin nan nata, tana cewa wai in shafa rigar a hankali kada ta ƙone ni. Kunya ta rufe ni, ban iya juya rigarka na duba ba. Na ga sabon hannun ya fi tsawo, na sa almakashi na rage yatsa uku cur. Sai da na gama guga na ɗaga ta na ga abin da na aikata. Wayyo ni! Ranar da ka zo karɓa na shige bayan labulen gwaji na tsaya kamar sanda, Yaya Aku ce ta miƙa maka.

Kwana uku ina jiran ka dawo da faɗa. Shiru. Sai ga hotonka da rigar, kana dariya, wuyan hannunka a waje a kan jita. Sai kuma ga waƙa ta bakwai, wadda ban taɓa jin ta ta bango ba:

Wadda ta rage min hannun riga,
ta san hannuna, ta san hanyarsa,
ta bar min iska, ta bar min tsirkiya.

Ya farin watana, a ina zan sa kaina? Na ji kamar an buɗe kejin tsuntsaye a ƙirjina. Da faifan ya ƙare na taka keke ba zare har layi biyu ban sani ba. Amma daɗin bai gama sauka ba sai ga ka a ƙofar shago, ka rusuna ka gaida Gwaggo, ka juya ka yi wa Yaya Aku godiyar ɗinki. Ita kuwa ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce ai ba komai, ƙaramin aikinta ne! Yaya Aku da ko maɓalli ta sa sai ya karkace! Kada ka ga laifinta, ba mugunta ba ce, ita dai ko yabon wani ta gani a ƙasa sai ta tsinta. Da ka tafi ta ja kunnena ta ce, ƙanwata, waƙa kayan tsintuwa ce, in mai ita ba ta yi cigiya ba kafin Alhamis, ta zama tawa halak malak. Alhamis ɗin da za ka tafi rera waƙoƙinka a wasu garuruwa, ka yi wata guda ba mu ji ƙwanƙwasarka ba.

Shi ya sa nake cigiya. Amma tunda faifanka ya koya mini faɗin gaskiya ko da ba ta yi wa mai faɗinta ado ba, ba zan karɓi waƙar da ƙarya ba. Ka ce na san hannunka, na san hanyarsa. Ban sani ba, ya zumar kunnena. Ba hikima ba ce, kuskure ne, kunyarka ce ta riƙe almakashin. Abin da ke hana ni sukuni ke nan: in ka ji haka, waƙar za ta tsaya a tawa? Ko za ka ce ashe yarinyar ba ta iya awo ba ne kawai? Ana ƙwace waƙa bayan an rera ta? Kogi yana komawa ya karɓe ruwan da ya ba gona?

Wannan takarda za ka same ta a aljihun sabuwar rigar da ka ba da a ɗinka maka ta tafiya. Gwaggo ta ce za ta yi da kanta, na ce a'a, a bar mini, da ƙarfi har Yaya Aku ta saki cokali. Duba hannun dama. Yatsa uku ne, na auna sau biyu, ido buɗe. Wancan kunya ce ta yanka, wannan ni ce.

Ba na roƙon ka zo ka yi magana a gaban Gwaggo, ƙasa za ta tsage in shige. Bangonmu ya ishe mu. Gobe da hantsi ina kan keke. In ka ƙwanƙwasa sau uku, zan sauke ƙafata in yi shiru kamar kullum, ba zan yi fushi ba, kuma faifanka ba zai rage daɗi a kunnena ba. In kuwa waƙar tawa ce har yanzu, ka ƙara ɗaya. Huɗu kawai! In na ji na huɗun, na yi maka alkawari, da ka zo wucewa ta tagar shago zan ɗaga kaina in dube ka in ce "ina wuni" da bakina. Sati guda ke nan ina gwadawa a gaban madubin gwaji, jiya har ta fito ba ta tsinke a tsakiya ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya sa faifan nan ya zama ɗan fari mai ƙanne da yawa. Ni dai ina nan a jikin bango, ko ka yi wata ko ka yi shekara, ɗinkina da kai ninki biyu ne, ba ya warwarewa a wanki.

Taka har zaren duniya ya ƙare,
Shiru-shiru, mai keken jikin bango