Shafi na Arba'in da Ɗaya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara duka. Yaya ciwon bayan nan naka? Na san dai ba ka daina wuni a gaban kwamfuta ba, to Allah ya sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, sai gajiyar tsayuwa a kantin magani.

Saƙo ya iso. Na ga wasan kwaikwayona an buga shi tsaf, shafi arba'in da biyu, kwafi takwas, har da bango. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma Yaya, ba bugu kaɗai na roƙe ka ba. Cewa na yi ka karanta ka faɗa mini gaskiya. Shekara huɗu ina rubuta abin nan a kan kantar sayar da magani, tsakanin mai neman maganin tari da mai neman na ciwon kai, sai ka maƙalo mini 'yar takarda a jikin bango ka ce "Ba laifi." Ba laifi! Ko ruwa aka ba ka ka sha ai ka fi haka magana. Na kira ka sau uku, kullum sai ka ce kana da mutane a shago. Shi ya sa na koma takarda, ita ba ta katse mutum.

Labarin kafinta ne da ɗansa da ya bar masa shago ya tafi koyon buga takardu. Kada ka ce mini ba ka gane su ba.

Ranar Asabar ƙungiyarmu za ta karanta shi. Mu goma sha ɗaya ne, muna haɗuwa a wani aji idan an tashi makaranta, muna cusa kanmu a bencin yara. Shugabarmu tsohuwar malama ce, Darakta muke ce mata, bakinta kamar reza. Dokarta ɗaya: ranar da ake karanta wasanka, za ka zauna a bayan aji ka kama bakinka, ba bayani, ba kare kai, har a gama. A bana wasa ɗaya tak za ta zaɓa a yi a gaban jama'a. Tuni na miƙa mata kwafin. Ni ko karanta shi ban iya yi ba, na buɗe shafin farko na rufe.

Ka yi mini addu'a, tunda ra'ayi ya gagara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti da yara. Ina fatan kuna lafiya. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan yau.

An karanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma an wanke ni sarai. Darakta ta ce shafi goma na farko ana iya zubar da su ba wanda zai yi kewarsu. Wata mai ɗinki ta ce uwar gidan da ke cikin wasan ba mutum ba ce, labule ce. Wani ɗan sanda ya ce kowa a wasan magana yake kamar yana karanta takardar cikin kwalin magani, aka yi dariya, ni ma na yi murmushi don dole. Duk wannan na shanye. Nawa ne, ni na rubuta, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Sai aka zo shafi na arba'in da ɗaya. Wani dattijo direba ne ke karanta maganar kafintan. Abin da na rubuta da hannuna shi ne 'yar kafintan ta shigo ɗakin asibiti ta ce wa uban ɗansa yana kan hanya, uban ya juya fuska bango ya ce a gaya masa kada ya wahalar da kansa, sannan ya tambaya ko an kulle shago. Shi ke nan. Amma sai na ji dattijon nan yana karanta wani abu dabam. Wai kafinta ya kama hannun 'yarsa ya ce duk kujerar da ya yi tun tafiyar yaron ƙafa ɗaya tana rawa, ya ce a gaya wa ɗansa ya yafe masa tun ranar da ya fita, kunya ce kawai ta hana shi faɗa.

Na ɗauka dattijon ne ya ƙara gishiri. Na buɗe nawa kwafin, ga shi nan baƙi a kan fari, da irin bugunka mai tsabta, ko waƙafi bai ɓace ba.

Yaya, wa ya aike ka? Na ce ka ba ni ra'ayi ka ƙi, ashe ka shiga ta taga ka sauya mini kayan ɗaki. Da ka ja layi da biro ka ce nan bai yi ba, da na ji haushi kwana biyu na huce. Wannan ba gyara ba ne, sata ce.

Abin takaicin bai zo ba tukun. Dattijon ya kasa ƙarasawa, sai da ya cire tabarau ya goge ido. Mai ɗinkin nan da ta kira uwarmu labule tana ta jan hanci. Darakta, wadda ban taɓa jin ta yabi ko ruwan sama ba, ta juyo ta dube ni ta ce a duk shafi arba'in da biyun nan wannan ne kaɗai yake numfashi, in koma in rubuta sauran da hannun da na rubuta shi. Ni kuwa ina bayan aji, gwiwata ta tokare benci, doka ta ɗaure mini baki. Da aka gama aka ba ni dama, wallahi ban ce komai ba sai na gode. Wannan godiyar ita ta fi komai ci mini rai.

Ta zaɓi wasana. Sharaɗinta in gyara duk inda aka nuna, amma kada in taɓa ko harafi a shafin nan. Ka ga ke nan shekaruna huɗu sun shiga a kan takardar shaidar da ba tawa ba. Zuwa ƙarshen wata zan ba ta amsa: ko in bar shafinka a yi wasan, ko in mayar da nawa a ba wani gurbin.

Kada ka kira ni. Ka rubuto, kuma kada ka ce ba laifi.

Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Anti ta kira ni ta ce kwana uku ba ka buɗe shago ba. Ka buɗe, mutane suna jiran takardunsu. Ka gaida mini yara.

Taka ta iso. Layi ɗaya ne ma wannan karon, amma ya fi na farko nauyi. Ka tambaye ni me ya sa shekara tara ina ce maka Baba barci yake yi lokacin da na gaya masa kana hanya.

Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naka. Ranar da ka iso asibiti, jakarka a kafaɗa, an riga an rufe shi da mayafi, ka tambaye ni ko ya ambace ka. Na dubi fuskarka na kasa faɗa maka gaskiya, na ce barci yake yi. Daga nan kullum sai in ce gobe zan faɗa. Da na gaji da ɗaukar abin sai na zuba shi a wasa, na aiko maka da sunan ina neman ra'ayi. Ba ra'ayi nake nema ba, so nake ka sani ba tare da na dubi idonka ba. Ka zauna kai kaɗai a shagonka kana bin rubutuna layi-layi, a haka ka ji maganar ƙarshe ta ubanka. Wannan raggonci ne, kuma nawa ne. Ka yafe mini idan za ka iya.

Amma ban janye abin da na faɗa ba. Har yanzu ina jin haushinka, kuma ina jin kishi, gara in faɗa. Ni na yi shekara huɗu, kai ka yi zama ɗaya ka fi ni.

Na je gidan Darakta na gaya mata komai. Na ɗauka za ta kore ni. Ta saurara har ƙarshe tana yanke farce, ta ce ita ba ruwanta da abin da ya faru a asibiti, abin da zai faru a ɗakin kallo ne nata, kuma mutane ba za su baro gidajensu su zo kallon tsoho yana juya fuska bango ba. Na ce mata ai haka aka yi. Ta ce to in ajiye shi a littafin tarihin gidanmu.

Na kawo shafina na asali muka gwada. Dattijon ya karanta, ya ce shi dai ba zai so ya mutu a haka ba ko da a wasa ne. Ba wanda ya goyi bayana.

Na yarda, Yaya. Ba don na gamsu ba, don ina son in ga wasana a tsaye ko sau ɗaya kafin in tsufa a bayan kanta. Na yanke shafi goma na farko, na ba uwar gida baki, na sa an rubuta sunanka a ƙarƙashin nawa, don ba zan ci yabon da ba nawa ba sau biyu. Jiya a wurin gwaji dattijon ya kama hannun yarinyar da ke fitowa a matsayina ya faɗi maganarka, ni da na san ƙarya ce na yi kuka har sai da na fita.

Za a yi wasan ranar Asabar ta biyu ta watan gobe, ƙarfe huɗu, a babban ɗakin taro na makarantar. Na sa maka katin shiga a cikin ambulan ɗin nan, layin gaba, kujerar tsakiya. Ka zo ka ji Baba ya yafe maka. Ni ina ɗakin ranar, na ji abin da ya ce da kunnena, don haka idan an zo wurin zan fita in jira ka a bakin ƙofa.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta