Taraktar Baba Ta Ƙi Tashi

Litinin, 30 ga Mayu, 1994
Cyril mai sayar da kayan mota ya samo mini aiki a garejin ɗan'uwansa a Jos. Za su jira ni zuwa tsakiyar Yuni. Na faɗa wa Baba. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Ka tayar da tarakta, ka yi wa gonar hanyar Zadawa haro, sai ka tafi." Wannan tsohuwar taraktar mai shan fetur ta girme ni. Tun rasuwar Inna ba wanda ya taɓa ta.

Laraba, 1 ga Yuni
Na kwance kafireto, na wanke, na busa duk ramukan da bakina. Har yanzu miya ɗanɗanon fetur take mini. Ta tashi, ta yi tari, ta mutu.

Alhamis, 2 ga Yuni
Ba kafireto ba ne, wuta ce ba ta zuwa a kan lokaci. Na sassauta noti, na juya distiributa mai raba wutar a hankali har injin ya daidaita murya. Baba na zaune a gindin darbejiya, ya ce, "Ba laifi." Shi da ya yi rabin rayuwarsa a kan kujerarta, iyakar yabonsa ke nan. Gobe gona.

Juma'a, 3 ga Yuni
Ba gona. Harbi take ta salansa kamar bindiga, awakin maƙwabta sun watse.

Litinin, 6 ga Yuni
Kullum da yamma in saita ta, da safe ta koma 'yar gidan jiya. Na canja fulogi. Cyril ya shinshina tankin ko 'yan bumburutu sun haɗa mini da kalanzir, ya ce, "Jaji, man nan lafiyarsa ƙalau. Ko dai aljanu gare ta?" Shi yana dariya, ni kamar in yi kuka. Gidan nan ya ishe ni. Ƙanwata Kellu tana ɗakin mijinta a Yana hankali kwance, ni an ɗaure ni da ƙarfe.

Talata, 7 ga Yuni
Na karce jikin distiributa da ƙusa, daidai inda na tsayar da ita.

Laraba, 8 ga Yuni
Alamar ta goce. Ƙarfe ba ya juya kansa.

Alhamis, 9 ga Yuni
Na riga Baba fitowa daga masallaci da asuba, na laɓe bayan rumbu. Ga shi nan da sifana a aljihun jallabiya. Ya nufi taraktar, ya sa sifanar a notin distiributa, ta suɓuce, ya daɗe yana lalube a ƙasa. Da ƙyar notin ya motsa. Ya juya distiributar, ya ɗaure, ya goge hannu, ya shafa murfin injin.
Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shirya maganganu masu zafi. Da muka zauna shan koko ya turo mini ƙosansa, ya ce, "Ci, kai ke aiki." Na haɗiye maganganun, na ci ƙosan.

Asabar, 11 ga Yuni
An yi ruwan shuka. Na saita ta a gona, na yi haron rabi, na dawo. Na ce wa Cyril ya roƙa mini su ƙara haƙuri, injin bai gama warkewa ba. Ya dube ni kawai.
Jos tana nan, ba guduwa za ta yi ba.
Yau ban matse notin sosai ba. Hannun nan na Baba ba ƙarfi.