Sallamar Hajiya a Garin da Toka Ta Binne

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya gida, ya yara, ya ƙafar Malam? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiya lau, mun dawo Al Qusais, zafin Dubai ya tarbe mu.

Mota muka ɗauka haya a Italiya, ni da maiɗakina Maryam da yara da Hajiyarmu. Roma ta ba ni mamaki, amma Pompei ce ta kashe min jiki. Gari ne sukutum da dutse mai aman wuta ya binne da toka, daga baya aka tono shi. Ga tituna da sawun amalanke, ga murhu, ga dutsen niƙa, kamar masu gidajen kasuwa suka je.

Turawa sai kutsawa suke yi suna ɗaukar hoto. Hajiya kuwa ta tsaya a bakin wani zaure, ta cire takalmi, ta yi sallama. Na ce, "Hajiya, ai ba kowa." Ta harare ni ta ce, "Gidan mutane ne. Wata ta share tsakar gidan nan, ta yi wa 'ya'yanta girki." Ta dafa bangon. Yaran ma suka cire nasu takalman.

Yaya, maganar rushe gidan marigayi Baba a yi shaguna, ki gaya wa Yaya Sani ni dai ban yarda ba.

Ku sa mu a addu'a. Ki gaida Malam da Inna Kulu. In kin bi ta gidan Baba, ko ba kowa, ki yi min sallama.

Ƙaninki,
Nura